Robar Fitsari da Nisan Hanya

Abin da mutanen ƙasar Kano ke kira robar fitsari, siririyar mesa ce da ma'aikacin jinya kan zura ta mafitar fitsari har cikin mafitsara. Irin wadda aka fi amfani da ita, wani likitan Amurka mai suna Frederic Foley ne ya ƙago ta a shekarun 1930. Tana da ɗan balan-balan a kanta, wanda akan cika da ruwa don ya tokare ta a ciki. Amfaninta ba abin musu ba ne. A Babbar Ruga ta Katsina, Dakta Kees Waaldijk ya nuna cewa idan aka sa wa mace ita da wuri bayan doguwar naƙuda, ƙaramar ɓular yoyon fitsari takan haɗe ba tare da aikin tiyata ba.

To, amma hatsarinta yana cikin kwanakin da za ta yi a jiki. Masana sun ƙiyasta cewa kowace rana yiwuwar shigar ƙwayoyin cuta mafitsara na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, ta yadda kafin wata guda da wuya a sami wanda suka ƙyale. Daga nan suna iya haurawa ƙoda, su shiga jini.

A nan ne nisa ke shigowa. Dattijon da fitsari ya riƙe masa, aka sa masa roba a birni, aka ce ya dawo bayan mako huɗu a canja, in mutumin Bebeji ne ko Kiru, da sauƙi. In kuwa daga Riruwai yake, can ƙasar Doguwa, sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora, ga kuɗin mota, ga gona tana jira. Mako huɗu sai ya koma wata uku. Gishirin fitsari ya daskare, roba ta toshe.

Kunya ma tana da nata rabon. Don kada a gani a masallaci, sai ya ɗaure jakar a ƙugu ƙarƙashin babbar riga, alhali wajibi ne ta zauna ƙasa da mafitsara, in ba haka ba fitsarin da ya fita komawa zai yi. Wani kuma zafi kan ishe shi cikin dare ya fizge ta, balan-balan na cike, ya yage hanyar fitsarinsa, gari ya waye zane jina-jina.