Karnukan Da Suka Ci Zomo Ba Su Ci Gudu Ba

A yawancin gidajenmu rabon kare bai wuce ƙanzon tukunya da tuwon da ya kwana ya yi tsami ba, sai ko ƙashin da maigida ya gama tsotsa ya wurga masa. Duk da haka ana so ya kwana a farke yana gadin gida da garke. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya yi ritaya ya koma gonarsa a bayan garin Bukuru, da ya ga wannan ciniki bai yi adalci ba. Karnukansa uku ne, kuma saboda su yake kiwon zomaye.

Ba son burga ya kai shi ba. Gonar tana nesa da mutane, yana da awaki da tumaki da kaji, ɓarayin dabbobi kuwa sun san hanya. Dabararsu tsohuwa ce, watau su jefa wa kare tsokar nama da guba, su koma gefe su jira. Karen da ya kwana da yunwa ba ya tsayawa shinshinawa. Dattijon ya lura karen da cikinsa ya cika, wanda kuma ya saba cin abinci a kasko ɗaya daga hannu ɗaya, ya fi wuyar yaudara. Abincin karnuka na buhu da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje kuwa, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ya fi ƙarfin ɗan fansho. Ko a can inda ake yinsa ma ba kullum yake da aminci ba, domin a 2007 karnuka da kyanwoyi da yawa sun mutu a Amurka bayan sun ci abincin kamfani da aka gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda.

To, ga lissafinsa. Kowane kare nasa nauyinsa ya kai kilo 20, yana cin kamar rabin kilo na abinci a yini, rabin wannan kuwa nama ne. Zomo mai kilo 2, in aka feɗe aka cire abin cirewa, abin da zai saura bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan zomaye 5 a mako, wajen 260 a shekara. Da jin wannan adadi mutum zai riƙe baki, amma zomanya cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka, takan haifi 'ya'ya 6 ko 7, kuma in ana kula da ita sai ta haihu sau 5 a shekara. Uwaye 10 da maza 2 sun ishe shi, har a samu na miyar gida. Abincinsu harawa ce da dusa da ganyen dankali da ciyawar bakin rafi, kashinsu kuma taki ne da yake zubawa a fadamarsa. Idan damina ta yi tsanani 'ya'yan suka mutu, sai tsofaffin kajin da suka daina ƙwai su cike gurbin.

Wanda ya ɗauka zuba wa kare tsoka zalla shi ne gata, bai san kare ba. Tsoka tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ɗan kwikwiyon da aka raina da tsoka kaɗai, jikinsa zai riƙa zaro kalsiyam daga ƙashinsa, har ƙafafu su lanƙwashe, ko ya yi ɗan tsalle ya karye. Saboda haka dattijon yana tara ɓawon ƙwai, a shanya, a daka a turmi ya zama gari, a barbaɗa a cikin kaskon kowannensu. Ƙashin da aka dafa ba ya ba su, musamman na kaza da na zomo, gama wuta tana busar da shi ya tsage kamar tsinke, ya soke maƙogwaro ko hanji. Naman zomo kuma ba shi da kitse, sai ya haɗa da fatar kaza ko ɗan kitsen akuya. Hanta kaɗan-kaɗan yake sawa, don yawanta yana cutarwa. Sauran tukunyar tuwon masara ne ko dankalin Turawa, wanda ƙasar Filato ba ta rasa shi, da kabewa da karas. Albasa da tafarnuwa ba sa kusantar wannan tukunya, saboda suna ɓata jinin kare, kuma wannan ne ya sa ragowar miyar gida ba ta shiga kaskonsu.

Inda ya fi tsanantawa shi ne kayan ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya ga yadda mahauci kan yanke huhu ko hantar tunkiya mai wasu ƙulle-ƙulle cike da ruwa, ya jefa wa karnukan da ke kewaya wurin. Waɗannan ƙulle-ƙulle 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce. Kare ya ci ɗanye, tsilar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaro ya shafa karen ya kai hannu baki, shi ke nan ƙwan ya shiga. Shekaru za su wuce ba a san komai ba, ƙullin yana girma a hantar yaron ko huhunsa, wani lokaci sai an yi tiyata kafin a raba shi da shi. Zomaye ma suna ɗauke da irin tasu tsilar da ke shiga kare. Dattijon yana da jikoki a gidan, don haka duk kayan ciki sai sun dahu lugub, wanda ya ga ƙulli a jikinsa kuwa sai ya ƙone shi ko ya binne da zurfi. Kowane wata uku karnukan suna shan maganin tsutsar ciki, kowace shekara kuma ana yi musu allurar haukan kare. Wannan bai yi masa nisa ba, tun da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, maƙwabciyarsa ce.

Mutane dai ba su bar shi ya huta ba. Wani maƙwabcinsa ya taɓa ce masa, "Haba Baba, mutum bai ga nama ba sai Sallah, kai kuma kana yanka wa kare?" Maganar tana da nauyi, kuma dattijon bai raina ta ba. Abin da ya ce shi ne rago ɗaya in aka sace, kuɗinsa ya fi na dusar da zomayen za su ci wata da watanni. Uwargidansa ita damuwarta daban ce, domin jikokin sukan raɗa wa 'yan zomayen suna, ranar yanka kuwa sai kuka. Takan ce, "Malam, ka dai bari sai sun tafi makaranta." Shi ma ba ya son ranar, ko da yake sabo da kaza ba ya hana yanka. Yakan wasa wuƙa sosai, ya kai zomon bayan rumbu inda 'yan'uwansa ba sa gani, karnukan kuma a ɗaure, don kada su koyi cewa abin da ke cikin keji abin farauta ne.

Abin da ke hana shi barci yanzu shi ne annobar zomaye mai sa zubar jini, wadda ta ɓulla a jihohin Kwara da Oyo a 2020 ta share keji da yawa cikin 'yan kwanaki. Ba ta kama mutum ko kare, amma takalmi da hannu da buhun dusa duk suna iya ɗauko ta. Baƙo ba ya shiga wajen kejinsa, kuma in ya sayo sabon namiji don sauya jini, sai ya yi mako biyu shi kaɗai a ɗakin ajiyar garma kafin a haɗa shi da matan.