Marin da ya kai ni gaban alƙali

Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ji ƙarar faɗuwar kwano a ƙasa sai gabana ya faɗi. Na daɗe ina ɓoye wannan labari, domin ba abin alfahari ba ne namiji ya buɗi baki ya ce ya doki matarsa. Abin da ya sa na yanke shawarar faɗa shi ne, ina zama a majalisa ina jin magidanta suna maimaita irin maganganun da ni ma na taɓa riƙewa da hannu bibbiyu, har ranar da na ga sun zube ɗaya bayan ɗaya a ofishin lauya.

Kayan gini nake sayarwa a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja. A 2018 muna zaune a gidan haya a Kubwa, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku, aurenmu yana cikin shekara ta tara. Ba zan yi ƙarya in ce ranar ce ta farko ba. Na sha yi mata tsawa a gaban yara, na kuma taɓa marinta sau biyu. Kowane karo sai in dawo da turmin atamfa washegari, ita kuma ta karɓa ta yi shiru. Na ɗauki shirun nan a matsayin yafiya, ashe tsoro ne.

Ran da abin ya faru na dawo gida raina a ɓace, saboda wani ɗan kwangila ya riƙe min kuɗin siminti wata biyu yana min yawo da hankali. Tana kawo min abinci ta ce, “Baban Ummi, an koro yara saboda kuɗin makaranta.” Na ce ta bar ni in huta. Ta ce wannan ne karo na uku da nake ce mata haka. Magana ta ja magana, na miƙe na wanka mata mari, na kuma hankaɗe ta. Kwanon miyar da ke hannunta ya yi gefe guda, ita kuma ta faɗi fuskarta ta bugi bakin dakali. Haƙorinta na gaba ya karye, wuyan hannunta ya goce.

'Yata Ummi, mai shekara bakwai, tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta tako a hankali ta tsuguna, ta tsinci guntun haƙorin a cikin miyar da ta zube, ta goge shi da gefen hijabinta, ta miƙa wa uwarta. Ni ko kallo ban ishe ta ba. Duk abin da ya biyo baya, na ofishin 'yan sanda da na kotu, bai kai wannan ciwo a zuciyata ba.

Maƙwabta ne suka kai ta asibiti, likita ya rubuta abin da ya gani, yayanta kuma ya kai ƙara. Washegari da hantsi aka zo shago aka tafi da ni a gaban yarana da abokan ciniki. A ofishin 'yan sanda aka sa na cire hula da bel da agogo da takalmi, aka rubuta su a takarda, aka tura ni bayan kanta. Kafin lauya ya iso har na rubuta bayani da hannuna, na amsa cewa na mare ta, na ƙara da cewa matata ce kuma tarbiyya nake yi mata. Na rubuta haka ne ina ganin na wanke kaina.

Da aka ba da belina, ƙanena ya kai ni wurin wani lauya dattijo. Na zauna na jero masa hujjojina ina da yaƙinin ɗaya daga ciki za ta fisshe ni. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da cewa, “Barista, ai an ce doka ta yarda miji ya hori matarsa.” Ya ce ya san inda na jiyo maganar. A kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ake kira Final Kod, akwai sashe na 55 da ya ambaci horon da miji ke yi wa matarsa, in al'adarsu ta amince da hakan. Amma sashen da kansa ya gindaya sharaɗi cewa kada abin ya kai ga mummunan rauni, kuma karya ƙashi ko haƙori ko gocewarsu yana cikin abin da kundin ya lissafa a matsayin mummunan rauni. Ya ƙara da cewa ko da haƙorin bai karye ba, a Abuja wannan ƙofa ta riga ta rufe. Tun a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, kuma ta ce inda ta yi karo da tsofaffin kundaye a kan laifi iri ɗaya, tata ce ke aiki. Sashe na 19 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki matarsa ko wadda ta doki mijinta.

Na ce, “To ai ita ta tunzura ni da baki.” Ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, tunzurawa ba ta wanke mutum. Iyakarta ta rage nauyin hukunci, shi ma sai in ta zo kwatsam kuma ta yi tsananin da mai hankali zai iya fita hayyacinsa. Wane alƙali ne zai yarda cewa tambayar kuɗin makarantar 'ya'yanka ta kai nan?”

Sai na ce ko za mu ce kare kaina na yi, tunda akwai kwano a hannunta. Nan ne ya ɗaure fuska. Ya ce kare kai hujja ce ta gaskiya wadda doka ta sani, kuma tana kuɓutar da mutum, namiji ne ko mace, in da gaske an kawo masa farmaki, bai sami damar neman agajin hukuma ba, bai kuma yi amfani da ƙarfin da ya wuce buƙata ba. Ya tambaye ni, “Ta kawo maka duka?” Na ce a'a. Ya ce, “To ba zan tsaya gaban kotu in faɗi abin da ni da kai muka san ƙarya ne ba. Ga takardar likita, ga bayaninka da ka rubuta da hannunka, ga maƙwabta. In ka matsa, 'yarka za a kira ta ba da shaida. Kana son haka?” Na sunkuyar da kai.

Hujjata ta ƙarshe ita ce maganar gida ce, dattawa za su kashe ta. A lokacin har kawuna ya fara shirin haɗa tawaga zuwa gidan surukaina don a sa ta janye ƙara. Lauya ya ce in tsayar da su tun da wuri. Ya bayyana min cewa da zarar laifi ya shiga hannun hukuma, gwamnati ce mai ƙara, matata shaida ce kawai, don haka ko ta ce ta yafe ba lallai ne shari'a ta tsaya ba. Matsa wa shaida lamba kuma yana iya sa a soke belina, kuma hana bincike tafiya laifi ne mai zaman kansa a dokar VAPP. Ya ce neman gafara daban, matsin lamba daban, kuma alƙalai sun san bambancinsu.

Don kada in zalunci doka, dole in faɗi abin da ta ba ni. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwa yana kan mai gabatar da ƙara. Mutum yana da damar yin shiru har ya ga lauyansa, damar da na yi watsi da ita saboda rashin sani. Yana da damar neman beli, da yi wa shaidu tambayoyi, da kawo nasa shaidun. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa. Wanda aka yi wa ƙazafi kuwa yana da abin kamawa: shaidar cewa ba ya wurin a lokacin, saƙonnin waya, saɓanin da ke tsakanin zargi da takardar likita. Dokar VAPP ma tana hukunta wanda ya ƙirƙiri ƙarya da gangan don a tuhumi wani. Duk waɗannan garkuwa ne ga mai gaskiya. Ni dai ba ni da gaskiya, shi ya sa babu wadda ta rufe ni.

A Babbar Kotun Abuja aka gurfanar da ni. Kafin in cika sharuɗɗan belin kotu sai da na kwana huɗu a gidan yari, domin waɗanda nake ganin za su tsaya min sun yi ta zillewa da suka ji irin laifin. Kotu ta kuma ba da umarnin kariya: kada in je inda take zaune, kada in kira ta a waya, kada in aika mata kowa. Matar da muka shekara tara a ɗaki ɗaya, sai ga takarda mai hatimi ta shiga tsakaninmu, kuma ni na jawo.

Bisa shawarar lauya na amsa laifina. Ya roƙi sassauci da cewa ba a taɓa kama ni da laifi ba, ban ɓata wa kotu lokaci ba, kuma ni ke ciyar da yara. Aka ci ni tara, aka umarce ni in biya kuɗin magani da diyya. Na fito ban yi zaman kaso ba, amma sunana ya shiga kundin waɗanda kotu ta samu da laifi, kuma wannan ba ya gogewa da biyan kuɗi.

A hanyarmu ta fita lauya ya tuna min da shari'ar Maryam Sanda, wadda a lokacin ake tsakiyar yin ta a Abuja kan mutuwar mijinta Bilyaminu Bello a watan Nuwamban 2017. Ya ce, “Da ƙeyar matarka ce ta bugi dakalin nan, da yanzu irin wannan tuhuma kake fuskanta.” A watan Janairun 2020 da na ji an yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya, sai da na zauna a ƙasa. Tsakanina da wannan matsayi bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Bayan wata uku matata ta kai ƙara kotun da ke sauraron shari'ar aure ta Musulunci, ta nemi a raba mu saboda cutarwa. Na yi zaton khul'i ne, za ta mayar min da sadaki. Alƙali ya fahimtar da ni cewa a mazhabar Malikiyya, in cutarwa ta tabbata, ana raba aure ba tare da mace ta biya komai ba. Riƙon yara ya koma hannunta, ciyarwa da kuɗin makaranta suna wuyana. Kuɗin makarantar da na yi duka a kansa, shi nake biya yau a kan kari, amma ba na ganin yaran sai ƙarshen mako.

Da aka ɗage umarnin kariya na je gidan surukina na durƙusa na ce, “Baba, na ci amana, ku yafe min.” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Lafiyayya na ba ka ita. Ka je, Allah ya shirye ka.” Wani malami da na kai wa kukana ya tuna min cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba tsawon rayuwarsa. Na san wannan tun ina makarantar allo, amma ban taɓa auna kaina da shi ba.

Darasin da na koya na farko shi ne, fushin da na kawo gida ba na gida ba ne. Ɗan kwangilar da ya riƙe min kuɗi ban iya ɗaga masa ko murya ba, sai na sauke a kan wadda na san ba za ta rama ba. Wannan ragwantaka ce, kuma na daɗe ina kiranta jarumta. Na biyu, mari na farko shi ne mafarin ɓarna. Da a ranar wani ya tsawata min, ko ita ta sami wanda zai saurare ta ba tare da ce mata “yi haƙuri ki koma ɗakinki” ba, da wataƙila ba mu kai nan ba. Na uku, yara suna gani, kuma ba sa mantawa. Ummi ta zama budurwa yanzu, tana gaishe ni da ladabi, amma in na ɗaga hannu zan gyara hula sai in ga ta ɗan ja da baya.

Kada wanda ke wajen Abuja ya ce abin bai shafe shi ba. Jihar Kaduna ta kafa irin wannan doka tun 2018, kuma jihohin Arewa da dama sun bi sahu. Ko inda ba a kafa ba, raunata mutum laifi ne a kowane kundi. Ke kuma 'yar'uwa da ake duka, ki je asibiti a rubuta, ki faɗa wa wanda kika amince da shi, ki sani kina da damar neman umarnin kariya daga kotu, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa irinki. Iyaye kuma ku daina mayar da 'ya'yanku da tabo a fuska ba tare da kun binciki abin da ya faru ba.

Ɗan'uwa magidanci, gemuna ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. In ka ji zuciya ta taso maka, ka ɗauki takalminka ka fita, ka yi alwala, ka zagaya unguwa har ta sauka. Na biya lauya, na biya tara, na rasa matata, kuma ban sami hujja ko ɗaya da ta wanke ni ba. Ka riƙe hannunka tun kafin ya tashi.