Farar Giyar Da Ba Fara Ba

Ɗalibin da aka ce ya mayar da vin blanc Hausa, nan take zai rubuta "farar giya", ya ɗauka ya gama. To ya kai fassarar Abijan, ya karanta wa dattawan Hausawan Adjamé ko Treichville. Abin da zai faɗo musu a rai bammi ne, wanda 'yan gari ke kira bangi, domin shi suka saba gani fari kamar nonon da aka tsinka da ruwa. Wadda ke cikin kwalba a manyan kantuna kuwa garai-garai take, launinta na busasshiyar ciyawa.

A ɗauki misalin Etna Bianco. Ana yin ta a tsibirin Sisili na Italiya, a jikin Etna, dutse mai aman wuta, inda wasu gonakin ke kai tsayin mita 1,000. Inabin ɗan ƙasa ne, sunansa Carricante, yana tsirowa a baƙar ƙasar da aman dutsen ya bari. Sanyin dare a can sama yana hana shi saurin nuna, sai ya riƙe tsaminsa. Tun 1968 hukuma ta shata yankin, kuma ƙa'ida ita ce Carricante ya kai kashi 60 cikin 100. Wadda ake kira Superiore, ta ƙauyen Milo, kashi 80.

Ashe farin na inabin ne. Sai a ɗauke sifar daga giya a ɗora masa: "giyar farin inabi". Mai bin diddigi zai ce akan yi irinta da baƙin inabi idan an raba ruwan da ɓawo. Gaskiya ne, amma ga ta Etna lafazin ya zauna daram.

Inda haɗarin yake shi ne kunya. Mai fassara Musulmi yakan ji nauyin rubuta "giya", sai ya fake da "ruwan inabi". Lafazin yana da tarihi, da shi fassarar Baibul ta Hausa ta yi aiki, kuma masu karanta ta sun san abin da ake nufi. A kan takardar kaya ko jerin abin sha na otal kuwa, ɗan kasuwar da bai iya Faransanci ba zai ɗauka matsattsen 'ya'yan itace ne irin na buɗe-baki, ya saya wa iyalinsa, alhali barasar da ke ciki takan kai kashi 12 cikin 100.