Ƙidayar Ƴan Tsaki da Ganin Hadari

Turawan Ingila na da karin maganar da suke jefa wa wanda kyakkyawan zatonsa ya wuce kima: "don't count your chickens before they hatch", wato kada a ƙidaya ƴan tsaki kafin kaza ta ƙyanƙyashe. An same ta a rubuce tun 1570 a wajen mawaƙi Thomas Howell. Ɗaliban Nijar da dama sun san irin darasinta daga tatsuniyar La Fontaine ta 1678, inda mai tallar madara ta yi ta lissafin kaji da saniya a zuci, har ta daka tsalle, madarar ta zube.

Nauyin maganar duka yana kan aikatau ɗaya: ƙidaya. Ba ta hana a sa wa kaza ƙwai ba, ba ta kuma hana fata ba. Abin da ta tsawata a kai shi ne a ɗauki abin da bai zo ba a shigar da shi lissafi. Galibi da sigar hani take zuwa, kuma sau da yawa rabin farko kaɗai ake faɗi, mai sauraro ya cike sauran.

Ana iya ganin wannan bambanci a gonakin Tchaké da ke gundumar Mayahi. Manomin da ya yi binne, ya zuba irin gero a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa, ya san iri na iya lalacewa. Kasada ya yi da idonsa buɗe. Wanda ya ƙidaya ƴan tsaki shi ne mai cin bashi a kan dammunan da ko kai ba su fitar ba. Jihar Maraɗi ta ga yadda kaka ke saɓa alkawari: ƙarancin ruwa da farin dango a 2004 suka haifar da yunwar 2005.

Saboda haka mai fassara ya yi hattara. "Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa" gargaɗi ne kan saurin yabo. Wadda ta fi kusa ita ce "ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi", domin ita ma tana magana ne kan wanda ya jefa kansa cikin wahala bisa dogaro da alama. Bature ya ɗauko hotonsa daga akurki, Bahaushe kuwa daga sama, inda abincinsa na shekara ya rataya.