Ladak, hamadar da ke shan ƙanƙara

A can ƙuryar arewacin Indiya, tsakanin duwatsun Himalaya da na Karakoram, akwai wata ƙasa da ake ce ma Ladak. Hamada ce, amma ta sanyi. Babban birninta, Leh, yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 3,500, inda baƙo kan kwana biyu yana haki kafin jikinsa ya saba. Duwatsu sun tare gizagizan da ke tasowa daga kudu, shi ya sa ruwan saman shekara bai cika wuce milimita 100 ba.

To, da me mutane ke noma? Da ƙanƙarar kan tsaunuka. In bazara ta yi sai ta narke, ruwanta ya gangaro ta magudanai zuwa gonakin sha'ir da alkama. Bisa al'ada ƙauye kan naɗa mai rabon ruwa, kowace gona da ranarta.

A da, Leh zangon fatake ne. Ayarin Kashmir da na Tibet da na Yarkand nan suke haɗuwa da gishiri, ulu da shayi. Raƙuma masu tozo biyu da ke kwarin Nubra gādon wannan zamani ne. Fadar sarki Sengge Namgyal mai hawa tara, ginin ƙarni na 17, tana nan bisa birnin, ga babban masallaci a ƙarƙashinta, domin mabiya addinin Buda da Musulmi sun daɗe suna cin kasuwa guda. A wajen gari kuwa, gidajen ibada na Hemis da Tikse sun manne a jikin dutse.

Sai a 1974 aka buɗe ma baƙin ƙetare ƙofar Ladak. Bayan fim ɗin 3 Idiots na 2009, wanda ya ƙare a bakin tafkin Pangong mai shuɗin ruwa, Indiyawa ma suka yo ca. Kuɗi sun shigo, otal-otal sun yawaita, matasa sun sami aiki.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Ban-ɗakin gargajiya na Ladak ba ya cin ruwa, taki ma yake bayarwa. Na otal kuwa sai an kwarara. Ana ta haƙa rijiyoyi masu zurfi, alhali ƙanƙarar tsaunuka na raguwa saboda ɗumamar yanayi.

Ƴan ƙasar ba su naɗe hannu ba. Tun 1987 injiniya Chewang Norphel ya fara karkatar da ruwan hunturu zuwa inuwar dutse, ya daskare, ya narke daidai lokacin shuka. Daga baya Sonam Wangchuk ya ƙirƙiro hasumiyoyin ƙanƙara da ke yin aiki iri ɗaya. Sai dai dabara na adana ruwa ne, ba ta haifar da shi. Muddin kwanon wankan baƙo na gasa da gonar manomi, ƙauyukan da ake zuwa kallo su ne za su fara jin ƙishirwa.