Ɗan ƙwaron da sanyi ya daina kashewa

Uwargida, in kika ji ana maganar ɗumamar yanayi, ƙila abin da ke zo miki a rai shi ne zafin bazara da ke hana yara barci, ko ambaliyar damina. Ni kuwa labarin wani ƙwaro da bai fi ƙwayar shinkafa ba ne ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake so ki ji shi.

A lardin Birtish Kolombiya na ƙasar Kanada akwai dazuzzukan bishiyar fayin, mai ganye siriri kamar allura, wadda ake yin katako da takarda da ita. Ƙwaron nan yana huda ɓawonta ya saka ƙwai a ciki. Kuma ba shi kaɗai yake shiga ba, yana ɗauke da wata funfuna da ke toshe hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Tsutsotsinsa na ci, funfuna na toshewa, cikin shekara guda sai ganyen ya yi ja, bishiya ta mutu a tsaye.

Ƙwaron ba baƙo ba ne a dajin. Abubuwa biyu ne suke taka masa birki tun da can. Na farko sanyi: in hunturu ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili, yawancin tsutsotsin mutuwa suke yi. Na biyu ƙarfin bishiyar kanta: lafiyayya takan fitar da ƙaro mai danƙo ta tunkuɗo ƙwaron waje. Da hunturu ya yi sauƙi, tsutsotsi suka riƙa tsira. Da fari ya yawaita, bishiyoyi suka rasa ruwan yin ƙaro.

Daga shekarun 1990 annobar ta shafi fiye da hekta miliyan 18 a lardin. A 2006 iska ta kwashi tarin ƙwarin ta tsallakar da su duwatsun Roki zuwa arewacin lardin Albata, inda a da sanyi ba ya barin su zama. Garuruwan da ke ci da sana'ar katako sun ji a jikinsu, an rufe masana'antu, magidanta sun rasa aiki. Matattun bishiyoyin kuma, maimakon su zuƙe iskar da ke ɗumama duniya, sai suka koma fitar da ita yayin da suke ruɓewa.

Abin da ya taɓa ni a matsayina na uwa shi ne maganar ƙaron nan. Kin san yadda ciwo ke saurin kayar da yaron da bai ƙoshi ba. Haka bishiya take: ƙishi ne ke fara raunana ta, ƙwaro ya zo ya ƙarasa. Wannan bai tsaya a Kanada ba, ya shafi darbejiyar ƙofar gidanki da mangwaron tsakar gida.

Ba mu da iko da hunturun Kanada, amma muna da ruwan alwala da na wanke shinkafa da muke zubarwa kullum. Ki juye shi a gindin bishiya, musamman a Maris da Afrilu. Ki hana yara ɓare mata ɓawo, don ta raunin nan cuta ke shiga. In da hali, ki ba kowane yaro dashe ɗaya ya riƙa shayarwa.

Wace bishiya ce kika taso a inuwarta, kuma tana nan har yau? Ki faɗa mana a ƙasa.