Ƙyallen da tela ke sharewa, bargo ne

Masu saurarona na Arlit da Akokan, da ku da ke bin mu daga Agadez, kun san ɗarin Disamba da Janairu a nan. Da rana a gasu, da dare iskar hamada ta shiga har ƙashi. Gidan da ke da yara shida, bargo biyu ba sa isa. Tun da Cominak ta rufe ran 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka ajiye aiki, ban da na ƙananan kamfanonin da ke ci a ƙarƙashinta, sayen sabon bargo ya zama sai an yi lissafi. Amma duk marece yaran teloli na share ƙyallayen atamfa da shadda su kai juji. To, yau maganar waɗannan ƙyallaye zan yi muku.

Ina da wani tsohon littafin ɗinki na Faransanci, bangonsa ma ya cire. A wurin mai saida tsofaffin littattafai na same shi, cikin irin kayan da iyalan Turawan site suka bari da suka tashi. Yana koyar da haɗa bargo daga guntayen yadi. Zanen da na zaɓa Amurkawa ne suka yaɗa shi a shekarun 1860, suna ce masa bukkar itace: ɗan murabba'i ja a tsakiya, wai shi ne murhun gida, sai a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye, ɓangare guda masu haske, ɗayan masu duhu.

Ga awon da na bi. Na tsakiya santimita 6, kowane siriri faɗinsa santimita 4, zagaye uku. Ya zama guntu 13 kenan, sun ba da fili ɗaya mai santimita 30. Fili 42, shida a faɗi, bakwai a tsawo, ya ba ni bargo mai mita 1,80 da mita 2,10. Guntu 546 gaba ɗaya. Wurin yanka kuwa sai an ƙara milimita 7 a kowane baki, rabon ɗinki. A nan littafin ba ya wasa. In ka ci milimita 2 kawai a kowane ɗinki, kafin ka gama fili ɗaya ka rasa fiye da santimita guda, kuma ba zai taɓa haɗuwa da maƙwabcinsa ba. Shi ya sa na yanka ma'auni da kwali, nake guga bayan kowane ɗinki, na kuma wanke duk ƙyallayen tun farko, don wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke.

Da na je roƙon ƙyalle wurin dattijon telan unguwarmu, dariya ya yi.

"Ɗiyata, ke da ke magana a rediyo, mi za ki yi da shara?"

Na ce, "Baba, a dai tara mini cikin buhu, za ku gani."

Ranar da na kai masa fili huɗu a haɗe, ya juya bayansu ya daɗe yana duba ɗinkin, sannan ya kira yaransa biyu ya ce su zo su ga yadda kusurwa ke haɗuwa da kusurwa.

Awo kaɗai na ɗauka a littafin. Shi yadin Turai mai ƙananan furanni ya sani, ni kuwa ragowar ankon biki ne a hannuna, da shadda, da baƙin yadin da matan Abzin ke so. Ya ce a sa audugar kanti a tsakani. Ni tsohon bargon Inna da ya sille na shimfiɗa, na rufe bayansa da zane biyu, na bi da allura na ɗinke rufi ukun nan wuri guda. Sati bakwai na yi, bayan saukowa daga aiki.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. A Senegal, Baye Fall, mabiyan Shehu Ibra Fall, da rigar haɗin ƙyalle aka san su. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, mata baƙaƙen fata, jikokin bayi, sun yi ta ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gonar mazansu don maganin sanyi. A 2002 aka rataya bargunansu a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 hotonsu ya hau kan sarki na gidan waya.

Sai dai a nan ne namu ya bambanta da nasu, kuma ina roƙo ku ji ni da kyau. Tun 2003 masu binciken CRIIRAD, da suka zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghir in'Man, suka gano ƙarafa masu tururin yuraniyom a kasuwar Arlit. Ƙura kuwa ta fi kama yadi fiye da ƙarfe. Don haka tsohuwar rigar aikin ma'adini, ko wani tamfal da ya fito daga masana'anta, kome ƙwarinsa, kada ya shiga bargo. Abu ne da yaro zai kwana yana shaƙa har asuba. Ƙyallen tela da tufafin gida sun isa.

Ƴan uwana mata da ke da keken ɗinki ajiye a ɗaki, musamman a Akokan, jarin wannan aiki zare ne da haƙuri. Ko keken babu, allura ta isa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowacce ta ɗinka filinta a gida da kwali iri ɗaya, ran Lahadi a haɗa. Teloli kuma, don Allah, a ajiye buhu kusa da keke, a daina kai wa juji. Wadda ke son awon, zan sake karanta shi a hankali cikin shirinmu na mata, sai ku tanadi biro da takarda. In aka fara yanzu, kafin ɗari ya kama an gama. Allah ya ba mu sa'a.